Motar Yaya tana ajiye, batir sai mutuwa yake: wace caja zan bari a jone?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu sani ku taimaka min. Yayana ya tafi kwas Ingila na shekara guda, ya bar min amanar motarsa, Porsche 911 ƙirar 2008, a garejin gidansa da ke Gwarinpa, Abuja. Sharaɗinsa ɗaya: kada ta hau titi sai dole. Wata uku ke nan da tafiyarsa, sau biyu batir yana mutuwa. Na farko mun tashe ta da batirin wata mota. Wannan karon ko fitilar ciki ba ta kawowa, kuma batirin a but ɗin gaba yake, shi kuma but ɗin da lantarki yake buɗewa. Ga mukulli a hannuna, ga mota, amma na kasa kaiwa ga batir. Wani abokin aikina ya ce in sayi irin cajar nan da ake bari a jone dare da rana tana ɗiga wa batir wuta kaɗan-kaɗan. Ni kuma tsorona kada ta dafa batirin, ko ta jawo min gobara a gidan da ba nawa ba.

Abba Mai Gudu: Wa alaikumus salam. Yaya Baban Khalifa, maganin yana wurina. Ka kawo min ita duk Asabar in zaga da ita titin filin jirgi in dawo. Ko sisi ba zan karɓa ba.

Maman Ilham: Abba, kai da ka daki bayan Keke Napep a Jabi da motar mahaifiyarka? Allah ya tsari gatari da noma.

Oga Sale Riwaya: Alhaji, mu fara buɗe but ɗin tukuna. Kada ka bar kowa ya sa sukurdireba ya ɓanɓare maka. Ka duba wajen ƙafar direba ta gefen hagu, akwai akwatin fiyus. Ka cire murfinsa, za ka ga wani jan abu da ake jawowa waje. An yi shi ne don irin wannan ranar. Ka kawo lafiyayyen batir, ka maƙala jar waya a wannan jan abin, baƙar kuma a ƙarfen da ƙofa take kamawa idan an rufe ta. Sai ka danna abin buɗe but. Idan ƙararrawa ta fara ihu kada ka firgita, ka danna rimot. Amma ba a tayar da mota ta wurin, na buɗe but ne kawai.

Baban Khalifa: Oga Sale, Allah ya biya ka. Wallahi ya buɗe. Kwana huɗu ina zagaye motar nan kamar mai ɗawafi.

Kawu na Rayfield: Ɗana, ni ban ga abin kashe kuɗi a nan ba. Tsohuwar Marsandina takan yi wata biyu a ajiye nan Jos. Sifana mai lamba 10 kawai nake sawa in kwance kan batir na baƙar waya in ajiye gefe. Ran da zan fita in mayar, bugu ɗaya ta tashi. Har cikin sanyin Disamba da ruwan randa yake gagarar alwala. Tun kafin a haifi masu cajar nan muke haka.

Injiniya Bashir: Kawu, ranka ya daɗe, dabararka tana aiki, amma motarka da tasa ba tafiyarsu ɗaya ba. Taka idan ka kashe ta, ta mutu ke nan. Tasa ko an cire mukulli akwai ƙararrawa, akwai na'urar da ke jiran saƙon rimot, akwai ƙwaƙwalwar mota, duk suna tsotsar wuta a hankali. Idan ya kwance kan batir, ƙararrawa ta tafi, gilasan ƙofa sai an sake saita su, kuma idan mai gadi ya ga but a buɗe ya yi masa gwaninta ya rufe, an koma gidan jiya. Sannan kai a Jos kake, kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200. Batirin dalma, wato irin batirin mota da aka saba, ko ba a jona shi da komai ba yana zubar da cajinsa da kansa, kuma zafi yana hanzarta hakan: kusan duk ƙarin digiri 10 sai saurin zubar ya ninka. Sanyi yana sa batir kasala da safe, amma zafi ne yake cin ransa. Garejin kwano a Abuja cikin watan Maris, da rana ke kaiwa kusan digiri 40 a waje, ai tanda ce.

Kawu na Rayfield: To ku da kuka zaɓi zama cikin tanda sai ku yi ta sayen na'ura. Mu dai nan ko fanka ba mu kunnawa.

Maman Ilham: Ni fa tambaya gare ni. Maigidan yana sa yaro ya yi wa jif ɗinsa wamin na minti goma duk safiya tun da ya ajiye ta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba ta fita sai biki. Wannan bai isa ba?

Oga Sale Riwaya: Hajiya, wannan wamin ɗin ya kashe batura da yawa a garin nan. Abin da kik ya ci wajen tayarwa ma minti goma ba zai mayar ba.

Injiniya Bashir: Oga Sale, a nan zan ɗan saɓa maka, da girmamawa. Kik yana jan wuta mai yawa, a ce amf 200, amma na daƙiƙa uku ne. Idan ka lissafa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na Ah guda ba (Ah shi ne ma'aunin wutar da batir ke riƙewa, Ah guda shi ne amf ɗaya na tsawon awa ɗaya). Wannan kam altaneta za ta mayar cikin 'yan mintuna. Inda matsalar take shi ne abin da motar ta tsotsa cikin kwanakin da take tsaye. Idan an rasa Ah 20 ko 30, minti goma ba zai taɓa cike shi ba, domin batirin dalma yana cika yana rage karɓa, kamar buhun da ake dannawa: na ƙarshen nan shi ya fi cin lokaci, awanni yake so. Ita Hajiya da ake tayar da tata kullum, batirin zai iya jurewa. Injin ne ba ya jin daɗi, don bai yi zafin da zai kori raɓar da ke taruwa cikin baƙin mai da salansa ba. Kuma don Allah Hajiya ki tabbatar ƙofar gareji a buɗe take idan yaron nan yana wamin. Hayaƙin mota a rufaffen wuri kisa yake, iskar da ke kisan a cikinsa ba ta ma wari.

Oga Sale Riwaya: Na karɓa, Injiniya. Ni dai abin da nake gani a Apo nake faɗa: duk wanda ya zo da mataccen batir sai ya ce "ai kullum ana yi mata wamin".

Baban Khalifa: To yanzu maganar caja. Na tsaya kasuwar Gudu na tambaya, an nuna min wata ƙatuwa mai allura a fuska, mai nauyi, an ce ita masu cajin batir suke amfani da ita. Kuɗinta ma da sauƙi.

Injiniya Bashir: Kada ka saya don wannan aikin. Bari in bambance, don suna ɗaya ake kiransu da shi amma iri biyu ne.

Akwai ta dā, wadda ba ta san ƙoshi ba. Tana tura wuta ne kawai, ko batir ya cika ko bai cika ba. Idan aka bar ta makonni, ruwan batir zai dinga tafasa yana rabewa zuwa iska, ruwan ya ragu, farantan ciki su bushe. Iskar da ke fita kuwa haidurojin ce, tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Wannan ita ce gobarar da kake tsoro, kuma tsoronka yana kan hanya.

Akwai kuma mai ƙwaƙwalwa, wadda take auna batirin tana aiki. Za ta kai shi wajen bolt 14.4, ta riƙe shi nan har ya ƙoshi, sannan ta sauko wajen 13.6 ta tsaya gadi. Wasu ma kashe kansu suke yi, sai sun ga ya sauka su ɗan ƙara masa. Irin wannan ake bari wata da watanni. Sanannu su ne CTEK ta ƙasar Suwidin, da NOCO da Battery Tender na Amurka, da OptiMate. Ita CTEK MXS 5.0 amf 5 ce iyakarta, ta ishi batirin mota.

Abu biyu ka duba kafin ka biya. Na ɗaya, rubutun da ke bayanta. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Idan aka aiko maka wadda aka yi wa kasuwar Amurka kaɗai ka soka a soket ɗinmu, ƙauri za ka ji. Wadda aka saya a Ingila kuwa wutarsu da bakin soket ɗinsu duk irin namu ne. Na biyu, irin batirin. Idan AGM ne, wato rufaffen nan da ba a ƙara masa ruwa, akwai saitinsa daban, wajen 14.7. Idan kuma wani ya taɓa canza shi zuwa na litiyom, to cajarsa daban ce gaba ɗaya, kada a kusance shi da saitin farfaɗo da batirin dalma.

Baban Khalifa: Na ruwa ne, an rubuta 70Ah a jikinsa.

Ɗan Kasuwa Zuba: Akwai caja orijinal a shagona, ana kawowa har gida, a yi min magana ta akwati.

Shugaban Zaure: Malam, talla ranar Juma'a ce kawai. Wannan gargaɗi na biyu ke nan.

Oga Sale Riwaya: Kafin a kai ga caja, ni akwai abin da bai kwanta min ba. Alhaji, kwana nawa take yi kafin ta mutu?

Baban Khalifa: Wannan na ƙarshen bai fi kwana goma sha biyu ba.

Oga Sale Riwaya: To akwai ɓarawo a cikin motar. Lafiyayyen batir a mota mai lafiya zai yi sati uku, huɗu, ya tashe ta. Ko dai batirin ya riga ya lalace, ko wani abu yana shan wuta fiye da ƙima. Idan ka sa caja ba ka gano shi ba, ka rufe ciwo da bandeji ne kawai. An taɓa sa mata tiraka ko an canza rediyo?

Baban Khalifa: Akwai tiraka. Yaya ya sa aka ɗaura mata bayan an sace motar maƙwabcinsu. Ya ce daga can yake duba ta a waya.

Oga Sale Riwaya: Gobe bayan La'asar zan biyo da mita. Kai dai ka kai batirin a yi masa caji a hankali, ka ce ba ka son na gaggawa. Kuma kada ka yarda su zubar da ruwan su zuba sabon asid. Idan ruwa ya ragu, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba asid ba, ba kuma ruwan leda ba.

Abba Mai Gudu: Wato daga Ingila yake kallonta? To na janye tayina. Ashe da na kai Lugbe za a kira ni.

*Washegari*

Oga Sale Riwaya: Jama'a ga rahoto. Na kwance baƙar waya na sa mita a tsakani, na danna sakatar but da hannu don motar ta ɗauka a rufe yake, muka kulle ta muka zauna shan shayi wajen minti arba'in har ta yi barci. Mita ta tsaya a miliamf 180 (miliamf dubu ne amf ɗaya). Na lalubo tirakan a bayan dashbod na cire, ta sauko 35. Wanda ya ɗaura shi ma murɗa waya kawai ya yi ya naɗe da salatif, ko fiyus bai sa ba. Na gyara wannan.

Batirin kuma bayan ya kwana a caji, mun bar shi ya huta, ya nuna 12.3. Da na ɗora masa nauyi sai ya zube. Ya gama.

Injiniya Bashir: Ga lissafin a fili. Miliamf 180 sau awa 24, kusan Ah 4.3 ke nan kullum. Rabin batir mai 70Ah zai tafi cikin kwana takwas. Da 35 ne, ƙasa da Ah guda ne a rana, sai ya haura wata kafin ya kai rabi. Yawanci abin da bai wuce 50 ba shi ake ɗauka daidai ne.

Don masu mita a gida: batirin da ya huta wasu awanni, 12.6 zuwa 12.7 cikakke ne, 12.4 ya fara sauka, 12.2 kusan rabi, 12.0 saura kaɗan. Mutane suna ganin 12 su ce ai lafiya lau tunda "batir mai bolt 12" ake ce masa. A'a. Kuma abin da ya kashe na Baban Khalifa shi ne zaman da ya yi babu caji. Idan batirin dalma ya sauka, wani farin gishiri yana kwanciya a farantansa. In aka yi caji da wuri sai ya narke ya koma. In aka bar shi kwanaki sai ya ƙanƙare, wurin ya daina aiki har abada. Sau biyu ya yi irin wannan zaman.

Kawu na Rayfield: To ai maganata ce ta fito. Ku cire tirakan, ku kwance kan batir, kowa ya huta. Motar da ke cikin gareji, cikin gida mai katanga da mai gadi, wa zai ɗauka? Motar da ba ta da wuta ma ai ta fi wuyar sata.

Maman Ilham: Wallahi Kawu yana da gaskiya a nan.

Baban Khalifa: Kawu, na gwada. Na kira Yaya na ce za mu cire na ɗan lokaci. Ya ce in cire idona ya fi masa sauƙi. Kun san babban wa, ba a ja da shi, balle kayansa ne. Tiraka yana nan. Ya ce zai aiko da caja ta hannun wani da zai dawo mako mai zuwa, batir kuma in saya zai turo kuɗin.

Injiniya Bashir: To tunda tiraka zai zauna, yanzu aka zo wurin da littafin Bature ba zai taimake ka ba, don shi ya rubuta ne yana ganin wuta ba ta ɗaukewa. Motar tana cin Ah 4.3 kullum, ko da wuta ko babu. Ƙananan cajojin nan na babur masu amf 0.8 sai sun samu wuta ta kusan awa shida a rana kafin su biya wannan bashin kaɗai, ban da asarar da ake yi wajen caji. Ranar da aka kwana biyu babu wuta, sun shiga bashin da za su daɗe ba su fita ba. Mai amf 5 kuwa cikin awa biyu ta rama na yini guda. Saboda haka ka ce wa Yayanka mai amf 4 ko 5, kada ya sayo 'yar ƙaramar.

Sannan ka gwada ta da kanka ran da ta iso: ka jona, ka kashe soket, ka kunna. Idan ta ci gaba da aiki da kanta, madalla. Idan sai an danna maɓalli take farawa, ba ta da amfani a ƙasar nan, don daren farko za ta tsaya kai kana can kana barci da tunanin tana aiki. Wasu masu arahar ma idan wuta ta ɗauke, batirin ne yake komawa yana ciyar da su.

Gidan akwai inbata?

Baban Khalifa: Akwai, da sola a rufi. Amma soket ɗin gareji ba ya kan layinta.

Injiniya Bashir: A ja masa waya, aikin awa ɗaya ne. Idan batir ya cika abin da cajar take ci bai kai ƙwan fitila ba, inbata ba za ta ma san da ita ba. Ka huta da ɗaukewar wuta, ka huta da irin dawowar da take yi da ƙarfi tana ƙona kaya. In hakan bai yiwu ba, ka sa mata irin na'urar kariyar da ake sa wa firij, mai jinkirta wuta 'yan mintuna. Ƙaramin janareta kuwa kada ka haɗa su.

Abba Mai Gudu: Me zai hana ƙaramin faifan sola kai tsaye? Na ga ana ɗorawa a kan dashbod.

Injiniya Bashir: A cikin gareji wace rana zai gani, Abba? Sai dai a kafa shi a rufi a sauko da waya. Kuma ba kai tsaye ba: faifan da ake ce wa na bolt 12 yana haura bolt 20 idan babu kaya a kansa, dole a sa kwantirola a tsakani. Mai wat 20 yana ba da amf ɗaya da 'yan kai a tsakiyar rana, a yini a samu wajen Ah 5 idan gari ya yi haske. Ka ga da kyar ya riƙe motar nan. Hazon hunturu ya sauko, ƙura ta lulluɓe shi, ya gaza. Ga wanda motarsa ke cin miliamf 30 kuma ba shi da inbata, shawara ce mai kyau. Ga wannan, sai mai wat 30 zuwa sama, da mai goge shi.

Maman Ilham: Ta wurin kunna sigari fa? Na ga ƙanina yana soka tasa a nan, ba ya buɗe bonet.

Oga Sale Riwaya: Ya danganta da mota, Hajiya. Wasu da an cire mukulli ramin yake mutuwa, wasu sai bayan ɗan lokaci. A soka cajar waya mai fitila, a kulle mota, a dawo bayan awa ɗaya a leƙa. In tana ci, zai yi. Amma ni na fi son in ɗaure 'yar wayar nan mai zobe da ke zuwa cikin kwalin, mai fiyus a jikinta: ja a kan batir, baƙa a jikin mota nesa da batirin. Sai a bar bakinta inda hannu zai kai. Masu BMW da sauran motocin da ke da na'urar auna caji a kan baƙar waya, ku kula, ba a maƙala caja a kan batirin kai tsaye ta wannan gefen, akwai wurin da aka tanada a ƙarƙashin bonet. Kuma a fara jona batir kafin soket, wajen cirewa a fara kashe soket.

Alhaji, ka sa wayar inda ba za ta matse a bakin but ba, ka kuma sa maganin ɓera a garejin. Na ga kashinsu a bayan taya.

Kawu na Rayfield: Caja, inbata, na'urar firij, maganin ɓera. Duk don motar da ba a hawa. Sifanata naira nawa ce?

Shugaban Zaure: Kawu a yi mana afuwa haka nan.

*Bayan mako biyar*

Baban Khalifa: Salam. Na ce bari in dawo da bayani. An sa sabon batir, caja ta iso, an ja layin inbata zuwa gareji. Sati uku fitilarta kore, mita tana nuna 13.6. Na rataya jan ƙyalle a sitiyari don kada wata rana in ja mota da waya a jone. Sai shekaranjiya na je na tarar da ita a kashe, batir ya sauko 12.3. Na kira Oga Sale ina cewa caja ta lalace. Ashe mai gadi ne ya gano soket ɗin nan ba ya ɗaukewa, ya zare ta ya jona wayarsa da 'yar rediyonsa da tocila. Kwana biyar ke nan, wai yana mayarwa idan ya tuna.

Oga Sale Riwaya: Na ce maka akwai ɓarawo na biyu.

Maman Ilham: Kada ka yi masa faɗa don Allah. Shi ma a duhu yake kwana.

Baban Khalifa: Ban yi ba, Hajiya. Na sayo soket mai baki huɗu na kai masa ɗakinsa, Injiniya zai turo yaronsa ranar Asabar ya ja masa nasa layin. Na gareji kuma na naɗe shi da salatif.

Kawu na Rayfield: A ƙara a lissafi: soket mai baki huɗu.